Shekarar da Sabi'u Ya Roƙi Fartanya

Shekarar da aka karɓe fam da sule aka ba mu naira da kobo, ita ce shekarar da ruwa ya ƙi sauka a ƙasar Gaya. Tsofaffin garinmu har yau haɗa abubuwan biyu suke yi, su ce sabon kuɗi ne ya zo da fari. Ni ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne, a shekarar ce ƙanena Sabi'u ya dawo daga makaranta da ciwon da ba a ganinsa a jiki.

Bana ma ga shi lokacin shuka yana wucewa. Hadari sai ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi, a wayi gari da rana kamar ta bazara. A ajinmu na yaƙi da jahilci a Ajingi, malaminmu ya ce tunda gona ba ta kira mu ba, kowa ya rubuta wata shekara da bai manta ba. Hannuna ba ya sauri, amma lokaci akwai shi.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gafasa. Gandu ɗaya muke nomawa, ni da Baba da shanun huɗa guda biyu. A cikin gida akwai Inna, da kakarmu mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Mu biyu ne 'ya'ya maza. Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kama sunana, Babba yake ce min.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba mai unguwa ya bi gida-gida, ya ce saƙo ya zo daga Gaya, duk gidan da ke da 'ya'ya maza biyu ya ba da ɗaya a boko. Baba ya dube ni, ya dubi Sabi'u. Ni na riga na fara riƙe fartanya. Sabi'u kuwa siriri ne, ga yawan tari.

Baba ya ce, "A ɗauki wannan. Ba abin da zai tsinana min a gona."

Inna ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Sai ga yaro ya fito da kai. Ya gama firamare a Gaya, ya ci jarrabawa, aka kai shi makarantar kwana ta horon malamai. Daga nan labari ya juya. Mutanen da suka yi wa Baba jaje da farko suka koma kiransa Baban Malam. In an sami wasiƙa a ƙauye, sai a ajiye ta a jira hutun Sabi'u. Baba kuma ya kafa doka a gidan: hannun Sabi'u ba zai ƙara taɓa fartanya ba. In ya zo hutu, a zaure ake shimfiɗa masa tabarma da littattafansa, mu wuce shi da safe, mu dawo mu tarar da shi. Abincinsa daban, kwanonsa daban. Ko guga ya ɗauka zai je rijiya, sai Inna ta karɓe.

Shekarar nairar ita ce shekararsa ta ƙarshe. Bayan kaka zai zauna jarrabawar fita, ya zama malami, ya fara ɗaukar albashi. Kowa a gidan ya san haka. Ba a faɗa kullum, amma duk abin da ya lalace, daga dangar gida har zanen Inna, cewa ake yi a bari sai Sabi'u ya fito.

Daminar da ta gabata dama ba ta cika rumbu ba. Bazara ta zo da zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Da hantsi ba a taka ƙasa ba takalmi. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu, abin da guga zai fito da shi ma rabinsa laka ne. Awaki suna bin inuwar katanga, bakinsu a buɗe.

Baba mutum ne mai tsari a kan iri. Duk kaka shi da kansa yake zaɓar zangarniyar gero mafi cika, ya ɗaure, ya rataye a can saman rumbu. Irin nan tun na mahaifinsa ne, gero ne mai saurin nuna, ba ya son ruwa da yawa. A shekarar ya raba shi kashi uku. Kashi na farko muka yi binne da shi, wato muka shuka a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwan fari ya same shi a ciki. Yana gaba da sungumi yana sara, ina binsa ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ruwa ya zo, yayyafi ne mai ƙamshi. Gero ya tsiro kore shar, layi-layi. Sai sama ta ɗauke. Muna ji muna gani tsiron ya nannaɗe, ya koma ja, ya kwanta.

Kashi na biyu ma haka ya tafi, bayan wani ruwa da bai jiƙa ƙasa tsawon ɗan yatsa ba. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, maza da yara da dabbobi. Aka yi sadakar gumba da ɗan abin da ya rage. Muka dawo gida rana tana dukan ƙeyarmu.

Abinci ya koma sau ɗaya, bayan la'asar. Inna takan fita tun da sassafe ita da matan unguwa su tsinko tafasa da yaɗiya a bakin fadama, inda ɗan danshi ya rage. A dafa ganyen, a zuba dusa, a barbaɗa gishiri. In an sami ƙuli-ƙuli ranar kasuwar Ajingi, wannan ranar biki ce. Ƙarar turmi ta ɗauke a unguwa. Gidan da aka ji ana daka, kafin a sauke taɓarya yara sun cika ƙofarsa, tsayawa kawai suke yi.

A cikin wannan hali aka dawo da Sabi'u, hutu bai ma yi ba. Shugaban makarantarsu ya ce ya zo gida ya huta, ya koma in jarrabawa ta matso. Ya shigo da akwatinsa a ka, wuyansa kamar sillen kara.

Iya tana zaune a gindin turmi ta ɗaga kai. Tsakaninsu akwai wasan jika da kaka, mai gidana take ce masa.

Ta ce, "Oh ni! Wannan wane irin miji ne? An tafi neman ilimi an dawo min da ƙashi. Na fasa auren, wurin yayanka zan koma, shi ko ba komai yana da kafaɗa."

Da can cewa zai yi, "Tsohuwa, in na sake ki wa zai kwasa?" Ranar bai yi dariya ba. Ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta ya ɗora a tsakiyar kansa.

"Iya, taɓa nan. Ba ki ji zafi ba?"

Ta taɓa, ta dube ni. Kan nan sanyi ƙalau.

Ni ya fi yi wa bayani, in na dawo daga gona na zauna a bakin zaure. Ya ce tsakiyar kansa kamar an ɗora garwashi. Ya ce wani abu yana yawo a ƙarƙashin fatar kan, kamar tururuwa. In ya buɗe littafi yana ganin baƙaƙen, yana iya furta su, amma ba sa shiga. Sai ya karanta shafi ya kai ƙarshe, a tambaye shi abin da ke ciki, babu. Ya ce a makaranta goro suke ci da wata ƙwaya da ake sayarwa a bakin ƙofa, don kada barci ya ɗauke su. Yanzu ya daina shan ƙwayar, barcin kuma ya ƙi dawowa.

"Yaya, in na faɗi fa?"

Na ce, "Ba za ka faɗi ba."

"Kowa haka yake cewa. Ba wanda ya taɓa ce min in na faɗi ga abin da za a yi."

Ni ma ban taɓa tunanin hakan ba.

Aka yi abin da aka saba. Malam na masallacinmu ya yi rubutu aka wanke masa ya sha. Aka yi hayaƙi. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya. Baba ya ce a ƙara masa abinci, kai ba ya aiki da ganye. Mu muna cin tafasa da dusa a tsakar gida, shi ana kai masa tuwon gero a zaure, a rufe da faifai. Na ɗauka daga ɗan abin da ya rage a ƙasan rumbu ake ɗiba. Sabi'u ya tambayi Inna ko mu ma shi muke ci, ta ce ƙwarai, mun riga shi ne.

Wata safiya muna shirin fita, don ko ba shuka Baba ba ya zama a gida, sai Sabi'u ya taso ya ɗauki fartanyata da ke jingine.

"Baba, zan bi ku."

"Ajiye."

"Yau ɗaya kawai. In na zauna ni kaɗai abin ƙaruwa yake yi. Ina so in yi gumi."

"Na ce ka ajiye. Gonar da ba komai a cikinta me za ka nome? Koma ga littafinka, shi ne gonarmu bana."

Ya ajiye. Ya sake roƙo bayan kwana biyu, ya sake, har ya daina.

Ana nan sai ga wani baƙo a kan babur, da farar riga da hula zanna. Ya yi sallama, ya ce daga wata babbar makaranta yake, yana zagaya ƙauyuka yana bincike a kan ɗaliban da ake mayarwa gida da irin wannan ciwo, a makarantar su Sabi'u aka yi masa kwatancen gidanmu. Inna ta rasa abin da za ta ba shi, sai ruwa aka tace a ƙwarya. Ya shanye bai yatsine fuska ba.

Ya ja Sabi'u gindin tsamiyar ƙofar gida. Suka daɗe. Daga nesa na ga yawanci Sabi'u ne ke magana, baƙon yana saurare. Har dariya na ji ya yi sau ɗaya, abin da bai yi ba tun dawowarsa. Da suka gama, baƙon ya nemi ganin Baba a zaure. Ina zaune daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Baba, yaron nan ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba. Na ga irinsa a makarantu da dama. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, waɗanda gida gaba ɗaya ya zuba wa ido. Tsoro ne da gajiya suka taru a kansa."

Baba ya ce, "To, Malam, mene ne maganin?"

"A raba shi da littafi tukuna. Ku bar shi ya bi ku gona, ya gaji gajiyar jiki, ya yi barci. Ya ci abinci kwano ɗaya da ɗan'uwansa. A daina ware shi. Jarrabawa kuma, in ba ta yiwu bana ba, akwai baɗi."

Baba ya murza gemu. Can ya ce, "Malam, kai ka taɓa noma?"

"Na yi, Baba. Ubana manomi ne."

"Amma yanzu babur kake hawa."

Baƙon ya yi murmushi.

Baba ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina noma da hannu ɗaya don yaron nan ya zauna a inuwa. Yau in mutanen gari suka gan shi da fartanya, me za su ce? Cewa za su yi an koro shi. Baɗi kuma da kake faɗa, tashi ka leƙa rumbun can, ka dawo ka gaya min ko akwai baɗi a cikinsa."

"Baba, na san halin da ake ciki. Amma in aka matsa masa..."

"Mun gode da tattaki, Malam. Allah ya ba da lada."

Na raka shi wurin babur ɗinsa. Ya ce da ni, "Kai ne yayansa? Ka riƙa zama da shi, ko ba za ku yi magana ba." Ya tayar da babur ya tafi. Ba mu ƙara ganinsa ba. Zaman kam na yi.

Ruwan gaske bai zo ba sai da damina ta kusa rabi. Bayan la'asar ne. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso da sanyi, muka ce yau ma watsewa zai yi. Sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsirara suna ihu. Iya ta sa aka fito da ita bakin ɗaki ta miƙa hannu yana zuba a tafinta. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka fara kuka a kududdufi kamar dama a shirye suke.

Gari na wayewa kowa ya ɗauki sungumi. Baba ya kafa tsani ya hau rumbu zai sauko da kashi na uku. Na riƙe masa tsanin. Ya zura kai, ya zura hannu. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauko a hankali, hannunsa riƙe da igiyar da aka ɗaure irin da ita, da sauran zangarniya 'yan ƙalilan.

Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wa ya hau rumbun nan?"

Inna tana tsugune a bakin murhu. Ba ta ɗago ba.

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ɗiba. Kai ka ce a ƙara masa abinci. Ƙasan rumbu ya ƙare tun kafin ya dawo. Da me zan yi masa tuwon?"

Ashe kullum in mun fita sai ta hau ta zaro kaɗan, ta ɓoye a zane, ta kai can gidan ƙanwarta a ƙarshen gari ta sussuka ta daka, don kada a ji turmi a gidanmu.

Baba ya ce, "Irin ubana kika dafa?"

"Ɗanka na ciyar."

Iya ta ce, "Ku yi a hankali, yaron nan yana ji."

Ai kuwa yana ji. Yana tsaye a ƙofar zaure da littafi a hannu. Ya dubi igiyar da ke hannun Baba. Ya tako zuwa bakin murhu, ya buɗe tukunyar da muka ci jiya, ya ga sauran tafasa da dusa manne a gindinta. Ya lakata ya sa a baki. Ya juyo ya dube ni.

"Yaya, wannan kuke ci?"

Na ce, "Ba kullum ba."

"Tun yaushe?"

Ya ajiye murfin a hankali, ya dafa cikinsa da hannu biyu, ya ce, "Baba, irin yana nan. Ku kai ni gonar." Sannan ya zaga bayan ɗaki, muka ji yana amai.

A waje mutane suna wucewa da sungumi, ana ta kiran juna, ana barka da ruwa.

Maƙwabta sun yi abin da za su iya. Wannan ya ba da tafi ɗaya, wancan ya ba da rabin ƙoƙo, iri kala-kala, har da wanda ba mu san halinsa ba. Muka shuka abin da bai kai rabin gandu ba. Ya fito, muka yi noman firi, wato noman farko. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Yana shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Gyaɗa ma da muka tona, kwanso ne ba ƙwaya. Waɗanda suka sami ɗan abin kaiwa rumbu a unguwarmu su ne masu gero mai saurin nuna, irin wanda muka cinye.

Tun daga ranar rumbun Sabi'u bai ƙara taɓa tuwo ba. In an kai masa sai ya tura wa Iya. Tafasar ma sai na zauna na sa hannu tare da shi yake ɗan ci. Magana ta ragu. Yakan buɗe littafi ya ɗora a cinya tun safe, in dawo in tarar da shi a shafin da na bar shi. Na ce wa Baba ko za a bi maganar baƙon nan. Ya ce, "Babba, yanzu kuma ai ba mu da wata gonar sai shi."

Da lokacin jarrabawa ya matso Baba ya sayar da sa ɗaya, ya ɗinka masa sabuwar riga, ya raka shi har Gaya ya sa shi a mota da kansa. Da zai fita daga gida Iya ta ce, "Mai gidana, ka dawo min da zane, ka ji? In ba haka ba kada ka shigo." Ya dube ta kamar yana neman inda ya san ta. Ya ce, "To."

Bayan an gama girbin da ba girbi ba, masinjan makarantarsu ya kawo shi. Dattijo ne mai hankali. Ya zauna a zaure ya gaya wa Baba cewa Sabi'u ya shiga kowace jarrabawa, bai makara ko sau ɗaya ba. Yakan zauna ya riƙe alƙalami har a ce a tsaya, ya miƙa takarda fara. Sunansa kaɗai yake rubutawa a sama. Ya ce bai yi faɗa da kowa ba, bai yi ihu ba.

"Sai dai akwatin nan," in ji shi. "Ya hana kowa taɓawa. 'Yan ɗakinsu sun yi ta ƙorafin wari."

Na ɗauki akwatin na kai tsakar gida. Ya yi nauyi fiye da yadda ya tafi. Inna ta buɗe. Babu littafi ko ɗaya a ciki, babu sabuwar rigar. Tuwon makaranta ne, malmala a kan malmala, tun na ranar da ya koma. Na ƙasa ya bushe ya yi baƙi, na sama ya yi fumfuna.

Sabi'u ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Inna, na kawo muku. Ban ci ko ɗaya ba."

Inna ta rufe akwatin, ta ɗora kanta a kai.

Yanzu akwai makaranta a kusan kowane ƙauye, yaran gidanmu da safe suna aji, da yamma suna gona, ba wanda yake cewa an koro su. Na ji an ce a wasu makarantun birni har akwai malamin da aikinsa kawai ya saurari yaran da abu ya dame su. Ban sani ba ko gaskiya ne, a nan dai ban gani ba.

A shekarar nairar mun rasa shuka uku. Mun rasa irin kakanmu, har yau ban ƙara ganin mai irinsa ba. Mun rasa shanun huɗa biyu, ɗaya a kasuwa, ɗaya ya kwanta a turke bai tashi ba. Awaki bakwai, saura ɗaya. 'Yar gonar da muke da ita a fadama ita ma aka sayar kafin bazara. Iya ta rasu tun azumi bai zo ba. Sabi'u ya ƙara shekara goma sha shida a zauren nan, yana gaida duk wanda ya wuce, bai koyar da ɗan kowa ko baƙi ɗaya ba.